Kaka a Ingila: Amsa ga Wata Ma'aikaciyar Jinya 'Yar Aboabo

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Aboabo, wadda ta bar Kumasi a watan Agusta tare da maigidanta da 'ya'yansu biyu zuwa birnin Sheffield na ƙasar Ingila, ta aiko da tambaya. A taƙaice ta ce abokan aikinta ba su da zance sai na shigowar kaka, yara kuma sun dawo daga makaranta da takardu a kan bikin girbi da Halloween da daren wasan wuta. Ita ba ta san wanne ya dace da gidan Musulmi ba, ba ta kuma da kuɗin yawon buɗe ido, domin haya da abin aikawa gida sun cinye albashi. Tana so ta san abin da iyali irin nata za su iya yi a wannan lokaci, da wuraren da za su iya zuwa.

Malama, sannu da baƙunta, Allah Ya sa an je a sa'a. Fannina shi ne ilimin gandun daji, kuma kafin in dawo Kumasi na yi karatu da aiki a arewacin Ingila, saboda haka na san garin da kike da dazuzzukan da suka kewaye shi. Mafi yawan abin da mutanen ƙasar suke morewa a kaka shi ne fita da ƙafa zuwa cikin itatuwa da rana tsaka, a tsinci abin da ya faɗo, a ɗebi abin da ya nuna, a dawo gida a sha abu mai zafi. Wannan ba ya cin kuɗi, bai taɓa addininki ba, kuma shi ne abin da nake so ki dage a kansa tun yanzu. Bukukuwan da yara suka kawo takardunsu ƙaramin al'amari ne a kansa, zan zo gare su daga baya.

Hasken rana ne ya sa nake cewa tun yanzu. Kumasi tana kimanin digiri 7 arewa da tsakiyar duniya, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai kai awa ɗaya ba, shi ya sa muka saba jin kiran magariba wajen ƙarfe shida, ko a Janairu ko a Yuli. Sheffield tana digiri 53. Wajen 22 ko 23 ga Satumba dare da rana suna daidaita, daga nan sai yini ya riƙa raguwa da kimanin minti 4 kullum, wato kusan rabin awa a mako. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ki ga rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, zuwa ƙarshen Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu, yinin duka bai cika awa 8 ba. Mai aiki irin naki, wadda take shiga asibiti da duhun asuba ta fito bayan isha, tana iya yin kwanaki a jere ba ta ga rana da idonta ba. Abin da na lura da shi a tsakanin mutanenmu shi ne, iyalin da suka saba da fita a Satumba da Oktoba, kafin sanyi ya tsananta, su ne suke ci gaba da fita a Janairu. Waɗanda suka rufe ƙofa suka kunna hita suna jiran sanyi ya wuce, a Fabrairu za a tarar da su cikin kasala da ƙuncin rai, yara suna ta rigima, ga kuɗin gas ya haura. Kin fi ni sanin shawarar hukumar lafiya ta Birtaniya a kan bitamin D, wato maikurogiram 10 kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuma su duba yiwuwar sha duk shekara, amma ki tuna cewa shawarar ta haɗa da ke kanki, ba marasa lafiyarki kaɗai ba. Wani ɗan sauƙi da canjin agogon yake kawowa shi ne lokacinku zai zama ɗaya da namu har ƙarshen Maris, don haka kiran gida ba ya bukatar lissafi.

Abin da za ku je gani ya cancanci a fahimce shi, domin yara za su tambaye ki. Ganye kore ne saboda sinadarin kulorofil, wanda da shi bishiya take haɗa abincinta daga hasken rana. Idan yini ya gajarta dare ya yi sanyi, sai bishiya ta daina ƙera shi, ta wargaza wanda ke cikin ganyen, ta janye abubuwa masu amfani irin su naitirojin zuwa rassa da saiwa ta adana su don baɗi. Da koren ya gushe sai rawaya da ruwan goro su fito fili. Waɗannan launuka dama suna cikin ganyen tun lokacin zafi, kuma dangin sinadarin da ya ba manja da karas launinsu ne. Jan kuwa sabo ne, a kaka bishiya take ƙera shi daga sukarin da ya maƙale a ganye, kuma irinsa ne yake rina zoɓon da muke kira sobolo. Wannan ne ya sa shekarar da aka sami rana mai haske da dare mai sanyi ta fi ja, shekarar ruwa da iska kuwa ganye yakan zube tun bai yi kyau ba. A ƙarshe wani siririn shinge yana toshe gindin ganyen, iska ta kaɗa shi ya faɗi. Rimi da tik a dazuzzukanmu na Asante suna zubar da ganye da rani don rage asarar ruwa, kuma dalilin itatuwan can bai yi nisa da wannan ba, domin ruwan da ya daskare a ƙasa saiwa ba ta iya shan sa. A yankinku launin yakan kai ƙololuwa daga tsakiyar Oktoba zuwa makon farko na Nuwamba, kuma an yi dace hutun mako guda na tsakiyar zangon karatu yana faɗowa a ƙarshen Oktoba. Ki nemi ranakun hutunki su zo daidai da shi tun kafin a rufe jadawalin aiki.

An kai ki gari mai sa'a ta wannan fuska, domin kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Sheffield yana cikin gandun Peak District, wanda shi ne gandun ƙasa na farko da aka keɓe a Birtaniya, a 1951. Amma ku fara da na kusa. Lambun tsirrai na birnin, wanda aka buɗe a 1836, ba a biyan kuɗin shiga, kuma an rubuta sunayen itatuwa a jikinsu. Daga filin Endcliffe akwai hanya mai bin gefen rafin Porter har zuwa Forge Dam, shimfiɗaɗɗiya ce da za a iya tura keken jariri, kuma a kan hanyar akwai tsohuwar maƙerar wasa wuƙaƙe mai aiki da ƙarfin ruwa da ake kira Shepherd Wheel. Filin Graves yana da gonar dabbobi da ake shiga kyauta. Dajin Ecclesall kuwa tsohon daji ne a cikin gari, bas yana kaiwa bakinsa. Shawarata ita ce ku zaɓi wuri ɗaya mafi kusa da gidanku, ku riƙa komawa gare shi kowane mako, ko da na minti 40 ne, yara su zaɓi bishiya ɗaya su riƙa ɗaukar hotonta. Wanda yake canza wuri kullum ba ya ganin yadda kaka take tafiya.

Idan ƙafafu sun saba, ga fitar da na fi so. Daga tashar jirgin ƙasa ta Sheffield ku hau ƙaramin jirgin Manchester mai tsayawa a ƙauyukan kwarin Hope, ku tabbatar a allo cewa yana tsayawa a Grindleford, domin mai sauri ba ya tsayawa. Tafiyar kimanin minti 15 ce, kuma wani ɓangarenta a cikin ramin Totley ne, mai tsawon fiye da kilomita 5, jirgi yana fitowa daga duhu sai ga tashar. Taku kaɗan daga nan hanya take shiga kwazazzabon Padley. Itatuwan oak na wurin gajeru ne, murɗaɗɗu, sun tsiro a tsakanin manyan duwatsun da gansakuka ta lulluɓe, saiwoyinsu sun fito sun ratsa hanya, ga rafin Burbage yana gangarowa a ƙasa da ruwa mai launin ƙasa-ƙasa saboda irin turɓayar tsaunin da ya ratso. A yankin za ku ci karo da manyan duwatsun niƙa masu rami a tsakiya da masassaƙan da suka sare su suka bari da kasuwarsu ta mutu, kuma wannan dutse shi ne tambarin gandun Peak District baki ɗaya. Hanyar hawa ce, tana da santsi bayan ruwa, ba ta keken jariri ba ce, amma yaro ɗan shekara biyar yana iya gama ta idan ba a gaggauta shi ba. A sama za ku fito fili mai ciyawa a bakin rafi, inda iyalai suke shimfiɗa su ci abinci, daga nan kuma ku shiga gandun Longshaw na ƙungiyar National Trust, wanda mai zuwa da ƙafa ba ya biyan komai. Bas mai dawowa Sheffield daga Castleton yana tsayawa a Fox House, kusa da ƙofar gandun. A tsaunin Big Moor da ke maƙwabtaka akwai manyan barewar Turai masu ƙaho mai rassa, kuma Oktoba ne lokacin barbararsu, mazan suna ruri da sassafe da yamma suna karo da juna. Ku kalle su daga nesa, kada ku matsa ƙasa da mita 50, domin namijin a wannan lokaci ba shi da haƙuri.

Na san abin da yake hana mutanenmu irin wannan fita, wato tsoron a ce an shiga gonar wani. A Ingila akwai hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi, ko da sun ratsa tsakiyar gona, ana gane su da allon katako ko kibiya mai launin rawaya. Damar hawa tsaunuka kuwa sai da aka yi gwagwarmaya a kanta, kuma a ƙofar gidanki aka yi. A ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan ma'aikatan masana'antu daga Manchester da Sheffield suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, alhali masu ƙasa sun killace shi don farautar tsuntsaye, aka ɗaure mutum biyar daga cikinsu. Wannan yana cikin abubuwan da suka share fagen dokar gandun ƙasa ta 1949, sannan dokar shekarar 2000 ta buɗe tsaunuka da filayen da ba a nomawa ga masu tafiya da ƙafa. Ba a tambayar fasfo a kan waɗannan hanyoyi. Abin da ake nema daga gare ku shi ne ku bar ƙofar gona yadda kuka same ta, ku kwashe shararku, ku kauce wa shanu masu 'yan maruƙa, kuma kada ku hura wuta ko ku gasa nama a tsauni, domin ƙasar wurin tana ci da wuta ta ƙarƙashi. Za ki ga wanda ba zai dube ki ba a tsakiyar gari yana gaishe ki a kan hanyar daji, al'adarsu ce, a amsa musu.

Tufafi su ne inda kuɗi yake iya zuba ba dalili. Zafin rana a Oktoba yakan tsaya wajen digiri 13 ko 14, a Nuwamba ya sauka ƙasa da 10, amma jiƙa da iska ne suke kayar da mutum. Riguna marasa kauri biyu ko uku a jere, da rigar ruwa a sama, sun fi jibgegiyar riga guda, domin idan an yi zufa a hawa ana iya cire ɗaya. Yara su sami takalmin roba mai tsawo da safa mai kauri. Duk wannan ana samun sa da araha a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da ke kowace unguwa, kuma mu da muka girma da gwanjon Kejetia ba mu da abin jin kunya a nan. Doguwar abaya mai jan ƙasa tana shan taɓo ta jiƙe har gwiwa, saboda haka ki sa wando mai kauri da riga mai tsayawa a ƙauri, da hijabin da za a iya cusa shi cikin rigar ruwa. Ku tafi da abincinku, filas na koko ko shayi da citta, da ƙosai ko wake da shinkafa a kula, domin shayi da burodi na mutum huɗu a shagon bakin gandu yana iya fin kuɗin jirgin. Ku duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta ƙasar, da safe.

Salla tana bukatar tsari, domin bayan canjin agogo azahar tana shiga kafin sha biyu, la'asar jim kaɗan bayan ƙarfe biyu, magariba kuma wajen huɗu da rabi. Ku fita da alwala wajen ƙarfe goma, ku riƙe ƙaramar darduma mai bayan leda, ku yi azahar a can, ku kama hanyar gida kafin ƙarfe uku, domin duhu yana riga shiga cikin itatuwa. Sai batun karnuka, waɗanda za ku haɗu da su a kowace hanya, wasu ba igiya. A koya wa yara su tsaya cik su naɗe hannu idan kare ya nufo su, kada su ruga, kuma ba rashin ladabi ba ne a ce wa mai shi ya kira abinsa. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta yawun kare mai rai ba najasa ba ne, don haka shinshinar tufa ba ta ɓata salla.

Tsinto shi ne ɓangaren da yara suka fi so, kuma nan ne ya kamata ki fi sa ido. Dokar sata ta 1968 ta ce wanda ya ɗebi 'ya'yan itace ko ganye ko fure da suka tsiro da kansu a daji bai yi sata ba, muddin ba don sayarwa ba ne, ko da yake wasu gandaye suna da nasu ƙa'idojin da ake liƙawa a ƙofa. Mafi sauƙin ganewa shi ne bilakberi, baƙin ɗan itace mai gungun ƙananan ƙwayoyi da ke fitowa a jikin sarƙaƙiya mai ƙaya a gefen hanyoyi daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Wanda ya nuna baƙi ne wuluk, mai sheƙi, yana biyo yatsa da an ɗan ja shi. Idan ya yi gardama ko yana da sauran ja, a bar shi. A ɗebi na sama da tsayin gwiwa saboda karnuka, a nisanci na bakin babban titi, a jiƙa shi cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci don tsutsa ta fito. Tsofaffinsu suna cewa bayan farkon Oktoba Shaiɗan ya tofa masa yawu, gaskiyar magana kuwa danshi ne yake sa shi fumfuna, kuma ko ta wace fuska shawarar barin sa daidai ce.

Akwai 'ya'yan itace biyu masu launin goro da suke kama da juna, ɗaya abinci ɗaya guba. Wanda ake ci, wato wanda ake gasawa a sayar a titi, kwansonsa cike yake da siraran ƙayoyi kamar bayan bushiya, a ciki akwai ƙwaya biyu ko uku masu gefe shafaffe da ɗan tsini a kai. Ɗayan, wanda yara suke kira konka, kwansonsa kore ne mai kauri da gajerun ƙayoyi jefi-jefi, ƙwayarsa mulmulalliya ce mai sheƙi ba tsini, kuma ba a cin sa. Da shi ake wasan da ya fi kowane shahara a kaka: babba ya huda ƙwayar, a zura igiyar takalmi a ƙulla, yaro ɗaya ya riƙe tasa tana lilo, ɗayan ya kai mata duka da tasa, ana karɓa-karɓa har ta wani ta fashe. Har gasar duniya ake yi a kansa a yankin Northamptonshire tun 1965. Laimar kwaɗi kuwa a ɗauki hotonta kawai. Mun saba sayen ta a bakin hanya a nan idan ruwa ya sauka, amma ilimin mai tsinto a dajin Asante ba ya aiki a dajin Ingila. Akwai wata mai hula koriya-koriya da farin ƙarƙashi wadda take lalata hanta, alamunta ba sa bayyana sai bayan awa 6 ko fiye, kuma dafuwa ba ta kashe gubarta. Haka nan jajayen 'ya'yan itacen da ke jikin shinge da itatuwan maƙabartun coci, a kafa wa yara doka cewa ba a kai komai baki sai an nuna wa babba.

Tuffa ma lokacinta ke nan. Za ki ga kwali cike da ita a ƙofar gidaje da rubutun cewa a ɗiba, da gaske suke, bishiyar bayan gida ce ta yi musu yawa. Babbar koriya mai tsami ita ce Bramley, wadda asalinta bishiya guda ce da aka shuka a 1809 a garin Southwell, kudu da ku kaɗan; dafa ta ake yi da sukari, kuma da bilakberi take tafiya. Tun 1990 ake ware 21 ga Oktoba a matsayin ranar tuffa, lambunan unguwa suna matse ruwanta a gaban jama'a. A nan ki kula da kyau: ruwan tuffa da aka matse yanzu halal ne, amma abin da ake kira cider a Ingila giya ce, haka ma jan abin sha mai zafi da ƙamshin kanumfari da ake sayarwa a wuraren taro idan sanyi ya shigo.

Yanzu ga takardun yara. Bikin girbi na makaranta ya samo asali daga coci, wani limamin Kirista mai suna Robert Hawker ne ya fara shi a siffarsa ta yanzu a Cornwall a 1843. A yau abin da ake nema shi ne kowane yaro ya kawo abincin gwangwani ko taliya ko shinkafa a kai wa mabukata. Wannan ciyarwa ce, ni ban ga dalilin hana yaro ba. Idan akwai addu'a ko waƙar coci a ciki, doka ta ba iyaye damar cire 'ya'yansu daga ibadar makaranta, wasiƙa gajera zuwa ga shugaban makaranta ta isa, a aika da abincin duk da haka.

Halloween, daren 31 ga Oktoba, ya haɗa tsohuwar al'adar mutanen Ailan da Sikotlan da jajiberin wata ranar coci, yawan kasuwancinsa na yanzu kuma daga Amurka ya dawo. Malamai da yawa ba su yarda da shi ba saboda asalinsa da siffofin fatalwa da mayu, kuma a gidana ba mu yi shi ba. Abin da ya kamata ki sani shi ne akwai ƙa'idar da kowa ya gane: gidan da ya ajiye kabewa mai fitila a ƙofa shi ne ya shiga wasan, wanda bai ajiye ba yawanci ba a ƙwanƙwasa masa. Wuyar tana wajen yaranki, waɗanda za su ga abokansu suna wucewa da jakar alewa. Hani kawai ba ya isa, a shirya musu wani abu a daren, ko ziyara ko baƙi ko wani girki da suke so, a kuma yi musu bayani tun kafin ranar. Alewa mai danƙo da za su samu a makaranta sau da yawa tana ɗauke da sinadarin da aka samo daga alade, a koya musu duba bayan leda. Gonakin da ake zuwa tsinko kabewa suna da kyau a hoto amma suna da tsada, alhali a ranar 1 ga Nuwamba kabewar kanti tana faɗuwa warwas, ga miyar taushe ta samu.

Daren 5 ga Nuwamba tarihi ne na siyasa. A 1605 wasu 'yan Katolika suka ɓoye ganga 36 ta albarushi a ƙarƙashin majalisar dokoki don su hallaka Sarki James na Ɗaya, aka kama Guy Fawkes, mutumin York, yana gadinsu. Tun daga nan ake hura babbar wuta ana harba tartsatsi. Ki gaya wa yara tun da wuri cewa ƙarar da za su ji har tsawon mako guda nokawut ne, ba bindiga ba. Doka ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana harbawa bayan sha ɗaya na dare, ban da wasu 'yan darare na bukukuwa, ciki har da wannan dare da aka ɗaga zuwa sha biyu. Kada ku saya ku harba a bayan gida, ke da kanki za ki ga masu ƙuna a asibiti a makon. Sheffield gari ne na tuddai, idan kuka tsaya a saman filin Meersbrook da magariba za ku ga tartsatsin rabin gari ba ku biya ko kwabo ba. Abincin daren a Yorkshire shi ne parkin, wani kek mai danƙo na citta da baƙar madi, yana da daɗi da shayi.

Abubuwa biyu suna da alaƙa da gida fiye da yadda malaman makarantar za su sani. Watan tarihin baƙar fata da ake yi a Oktoba, ɗan Ghana ne ya assasa shi a Birtaniya, Akyaaba Addai-Sebo, a Landan a 1987. Ranar 11 ga Nuwamba kuma, da ƙarfe sha ɗaya na safe, ana yin shiru na minti biyu don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, ana maƙala jan fure a ƙirji. Sojan da aka sani da harba harsashin farko a ɓangaren Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914. A yaƙi na biyu kakanninmu sun yi yaƙi a Burma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga nan barikin Burma Camp na Accra ya sami sunansa, kuma kayansu suna nan a gidan tarihin soja na Kumasi. Yaron da ya san wannan yana da abin faɗa idan aka zo darasin.

Kasuwar wasanni ta Goose Fair a Nottingham, wadda ta haura shekara 700, tana ci wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, kuma jirgi yana kai ku cikin kimanin awa ɗaya. Shiga kyauta ne amma kowane lilo da kuɗinsa, ga cunkoso, saboda haka a ganina ta jira baɗi. Ranakun da ruwa ya hana fita, waɗanda za su yawaita a Nuwamba, akwai gidan tarihi na Weston Park da lambun gilashi na tsakiyar gari, duka kyauta, da laburaren unguwa inda katin yara ba ya cin ko sisi kuma akwai ɗumi. Idan maigida yana ɗari-ɗari da shiga tsauni ku kaɗai, akwai ƙungiyar Muslim Hikers da aka kafa a 2020, tana shirya fita a rukuni, Peak District yana cikin wuraren da take zuwa. Ko kuma ku nemi wani iyali 'yan zango a masallaci ku riƙa fita tare, domin katin rangwamen jirgi na iyali yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin babba da kashi 60 cikin 100 na yaro, kati ɗaya yana ɗaukar manya huɗu da yara huɗu, ɗan ƙasa da shekara biyar kuma ba ya biya.